Hannun Hawainiya

Yau ƙanwata ta koma aiki. Na faɗa wa mai shagon bakin layinmu, na faɗa wa matar da muke haya gida ɗaya, har direban motar da ta dawo da ni sai da ya ji. Ya ce Allah ya sa albarka, alhali bai ma san ta ba. Sai 'yar ƙanwar tawa ta ce, "Inna, tunda bakinki ya ƙi rufuwa, ga takarda ki zuba a ciki." To ga shi ina zubawa.

Hawainiya muke ce mata, Babanmu ne ya laƙaba mata sunan. Tun tana ƙarama in aka aike ta ɗebo ruwa, sai ka rantse rijiyar ta tsaya haƙawa. Wajen cin abinci kowa ya wanke hannu, ita tana loma ta uku. Da mahaifiyarmu ta rasu ni na riƙe ta, don shekara tara na ba ta, kuma na sha dukanta a kan wannan sanyin jikin. Allah ya yafe mini.

Ni shara da goge-goge nake yi a wani kamfani da ke yin kayan asibiti. Abin da suka fi yi shi ne robar fitsari, siririyar robar nan da ake sa wa marar lafiya in ya kasa tashi. Kafin a rufe ta a leda sai an tsoma ta cikin wani ruwa mai kauri, a ɗago, a rataye ta bushe. Ruwan ne ke sa mata santsi, ta shiga jikin mutum ba ta ji masa ciwo ba. Mu kuwa mun san robar da ba ta da santsi. Lokacin jinyar Babanmu an sa masa wata. Dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba ya damƙi ƙarfen gado yana kiran uwarsa. Hawainiya ce ta riƙe masa ƙafa ranar.

Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, na je na durƙusa wa shugabar ɗakin tsomawa.

Ta ce, "Ƙanwar taki tana da hanzari?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙarya ba kyau. Ko na sisin kwabo ba ta da shi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kawo ta gobe. Masu hanzarin ne suka cika mini kwandon shara."

Ashe aikinta ne ya zo ya same ta. Mata goma sha biyu ne a ɗakin, kowa da farar riga, da hula, da takunkumi, da tukunyarta ta ƙarfe a gabanta. Ni ban da izinin shiga sai an tashi, amma akwai gilashi ta wajen da nake gogewa, ta nan nake kallonsu. In ka ɗago robar da sauri, ruwan ya taru a bakinta ya bushe ya zama ɗan ƙulli. Hawaye suke ce masa. Roba mai hawaye shara ce, don ƙullin nan shi ke yankar mutum. In hannunka ya yi rawa kuma ta fito da zane-zane. Ita Hawainiya sai ta ja numfashi ta riƙe, ta ɗago a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ni nake kwashe kwandunan, na sani. Nata wata rana ko roba ɗaya babu.

Mai kujerar kusa da ita Rediyo ake ce mata, don ko takunkumi bai iya rufe mata baki. Kullum tana tsokanarta.

"Hawainiya, wannan robar da kike ɗagowa, mai ita fa ya warke an sallame shi."

"Gara ya warke da ya haɗu da taki. Taki ai hawayenta ya fi na mai yanka albasa."

"Ji ta! Shugaba, a ba ta gado ta kwanta mana, tunda barci take a tsaye."

Sai dai ruwan nan yana da wari. Kamar fenti, kamar abin goge farce, amma ya fi su hawa kai. Ko ni da nake shiga bayan an tashi sai idona ya yi ja. Takunkumin bai tare shi, safar hannun ma in ta jima sai ta yi laushi. Su kuwa daga safe har yamma kansu na kan tukunya. Shekara goma sha ɗaya ƙanwata ta yi a haka.

Ciwon kai ya fara zuwa, aka ce gajiya ce. Sai tari. Rediyo ce ta fara kwanciya. Mun je duba ta, matar da ba ta gajiya da surutu sai ta yi kalma biyu ta huta. Ta kama hannun ƙanwata ta ce, "Yau dai na fi ki sanyi." Bayan sati uku muka koma gidan gaisuwa.

Ita Hawainiya ta hannu abin ya kama ta. Ta ce yatsunta kamar an sa musu safa, ba ta jin abin da ta taɓa. Kofi ya fara faɗuwa. Wata ranar hutu ta zaunar da 'yarta za ta yi mata kitso, ta tsaga kai, ta kama gashi, gashin ya zame. Ta sake kamawa ya zame. Yarinyar na cewa, "Umma, yi mana, wuyana ya gaji." Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na ƙarasa kitson.

A wajen aiki ta ɓoye abin kusan wata huɗu. Takan manna gwiwar hannunta a haƙarƙari don kada a ga rawar. Amma kwando ba ya ƙarya. Nakan ɗebi rabin nata in watsa cikin na sauran, na san ba daidai ba ne, na yi. Ƙarshe shugaba ta gane, ta tura ta wajen likitan kamfani, ya ba ta hutun jinya, ya ce ta riƙa zuwa karɓar maganin ƙirji duk sati. Da katin aiki ake ganin likitan nan. In babu aiki babu kati.

Tana gida aka kawo wani injin da zai riƙa yin aikin tsomawa. Wani ƙaton akwatin gilashi ne, a rufe ruf. A ciki akwai hannun ƙarfe da ke riƙe roba arba'in lokaci ɗaya, ya tsoma ya ɗago. Warin kuma wani bututu ke janye shi ta saman rufi. Ranar da aka kunna shi na shiga shara, na tsaya a tsakiyar ɗaki na ja numfashi. Babu komai. Iska kawai. Na zauna a kujerar Rediyo na yi kuka, ban san na murna ba ne ko na me.

Manaja ya tara mata ya ce mutum huɗu za a bari su riƙa duba abin da injin ya fitar, ƙarshen wata za a liƙa sunaye. To wa zai bar mai rawar hannu da ke kwance a gida?

Na faɗa wa ƙanwata tana zaune bakin ƙofa tana shan iska. Na ce, "Ni na kai ki wurin nan. Da hannuna na kai ki."

Ta ce, "Yaya, ke kika kai ni, amma ba ke kika dama ruwan ba. Da abin da na ci a can na raini yarinyar nan. Ki bar zancen."

Sai ga shi injin ya fara zubar da hawaye. Ni na fara sani, tunda ni ce mai kwando. Roba arba'in su fito, talatin da ƙulli a baki. Injiniyan da ya zo da shi ya yi kwana tara yana danne-danne. In ya rage gudun gaba ɗaya, santsin ya yi kaɗan. In ya ƙara, hawaye. Wata rana da rana na tarar da shi zaune a kan bencin da nake son gogewa, ya riƙe roba ɗaya yana hararar ta.

Na ce, "Ɗana, ɗaga ƙafa." Ya ɗaga. Na ce, "Injinka a ƙarshe yake gaggawa."

Ya dube ni da tsummana. "Mama, ke ma injiniya ce?"

"A'a. Amma ina da ƙanwa, shekara goma sha ɗaya robarta ba ta yi kuka ba."

Ya je ya tambayi shugaba, ta ce gaskiya ne. Aka ce in kawo ta.

A ɗakin cin abinci aka yi, don likita ya hana ta kusantar ruwan. Na kawo sabulun ruwana mai kauri na goge ƙasa, aka zuba a wani dogon kofi. Manaja na tsaye, shugaba na tsaye, Injiniya ya saita wayarsa zai ɗauki hoto. Ƙanwata ta karɓi robar. Ta tsoma. Ta ja numfashi za ta riƙe kamar yadda ta saba, tari ya sarƙe ta. Ta huta ta sake. Hannun ya riƙa kaɗawa, robar na bugun bakin kofin, sabulu ya fantsama a rigar Manaja. Ya duba agogonsa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ajiye robar. Ta ɗan jima tana kallon yatsunta. Sai ta ce, "Yaya, ara mini hannunki."

"Ni? Me na sani?"

"Riƙe dai."

Na goge hannu a zanina na riƙe. Ta tsaya a bayana, bakinta daidai kunnena.

"Tsoma. To ɗago. Ke Yaya, ba tsumma kike fizgowa daga bokiti ba! Sake."

Na sake.

"Ina za ki? Gobara ake yi? Sannu."

Shugaba ta fashe da dariya. Na ce, "Yau ni kike yi wa faɗan sauri?"

"Ramawa nake. Sake."

A karo na bakwai ta yi shiru har na ɗago rabi, sannan ta ce, "Haka. Tafi a haka. Yanzu saura yatsa uku, rage. Rage kuma. Tsaya! Kada ki raba bakinta da ruwan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ki bari tukunya ta karɓi abinta. To ɗauke."

Na ɗauke. Robar ta fito sumul, bakinta fes.

Injiniya ya ce, "Tsayawa kike yi a ƙarshe? Babu wannan a takardar da aka ba ni."

Ta ce, "Ba wanda ya taɓa tambayata."

Ya sa muka maimaita sau biyar yana auna lokaci. Kafin a tashi ya koma wajen injinsa. Washegari na ɗaga kwando na ji shi sakayau, roba biyu ne kawai a ciki. Bayan kwana uku ya sake aikowa a kira ta, wai ta duba masa wasu. Ta tsaya a bayan gilashi, daga nesa ta ce ta bakwai daga hagu tana da zane. Aka ciro, aka haska, ga zanen.

Ranar da aka liƙa takarda ban iya matsawa kusa ba sai da kowa ya watse. Na bi da yatsa. Sunanta ne na uku. Na yar da bokiti, ruwa ya malale inda na gama gogewa, ko a jikina.

Mata bakwai sun tafi. Wasu na san 'ya'yansu, ɗaya ma tare muke shiga mota. Na je na yi mata sallama ta ƙi dubana, ban ga laifinta ba. Likita kuma ya faɗa mana gaskiya, ya ce ƙirjin zai yi sauƙi in ana shan magani, amma hannun ya tafi ke nan.

Yau da safe ni na ɓalla mata maɓallan farar rigar, na ɗaura mata hula. Aikinta yanzu zama ne a wajen gilashi, ƙarƙashin fitila. Roba na wucewa tana dubawa, in ta ga aibu ta danna wani babban maɓalli da tafin hannu. Na zo wucewa da tsummana na ga tana kallon hannun ƙarfen nan yana ɗagowa, ya rage, ya tsaya. Leɓenta na motsi, tana ƙirga masa.

Na ce, "Ya iya?"

Ta ce, "Ya iya. Ba ya tari, ba ya rawa. Da shekara biyar baya ya zo, da Rediyo na nan tana zaginsa."

Na ga hularta ta zame, na ajiye tsumma na gyara mata.

Ta ce, "Sannu mana, Yaya. Kin ja mini gashi."