Gem ɗin da Baba ya ƙwace

Jiya ina taya Baba gyaran ɗakinsa a Daura, sai ga tsohon gem ɗina, na'urar wasan nan mai kaset, a ƙasan adaka. Ina sakandare ya ƙwace shi, wai yana hana ni karatu.

Sabo fil ya karɓe shi, amma yanzu maɓallan duk sun suɗe.

Na ce, "Baba, wa ya yi ta buga wannan?"

Ya gyara hula. "Bincike na yi, in ga illarsa. Shekara uku ina binciken."

Can ya rage murya. "Dodon nan na ƙarshe, ta ina ake wuce shi?"

Wallahi ni ma ban taɓa kaiwa wurin ba. Jama'a, wanda ya sani ya taimaka, dattijo yana jira.