Jitar Ladanin Unguwarmu

Yayan mahaifina ne ladanin masallacin unguwarmu a Gumel tun ina 'yar firamare. Na girma har na zama malamar makaranta ban taɓa jin an ambaci jita a gidanmu ba. In zancen samartakar Baffa ya taso, sai a ce "lokacin da yake yawon duniya," a kawo wata hira. Gidan ma'aikatan gwamnati ne, mun iya rufa wa kanmu asiri.

Sai ga wasu masu shirya fim daga Kano. Suka ce Baffa ne ya fara tsallakowa da jitar lantarki daga Damagaram, yana jona ta da batirin mota, yana kaɗa kiɗan Turawan nan da ake kira rok a Maigatari ranar kasuwa. Suna so su yi fim a kan rayuwarsa, ya kuma hau dandamali ya kaɗa sau ɗaya.

Baffa ya ƙi. "Uwata," ya ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci, "kiran sallar nan shi ne abin da ya rage mini. Ina taɓa jita, kwamitin masallaci zai karɓe lasifika."

Masu fim ba su yi zuciya ba, suka shiga neman dattawan da suka san zamanin. Ban san wanda ya baza cewa a ƙasar waje kaɗai za a nuna fim ɗin ba, amma Allah ya saka masa. Kafin kwana biyu dattawa sun yi layi, manyan riguna sun sha guga. Shugaban kwamiti, wanda ko kiɗan waya ya ji a masallaci sai ya yi huɗuba, ya rantse shi ne mai ɗaukar batirin. Ma'aji ya ce daga Sule Tankarkar yake takowa a ƙasa don ya ji kiɗan. Na'ibin liman kuwa bai tsaya dogon bayani ba, ya tattare riga ya gwada takun rawar, hannu ɗaya dafe da gwiwa.

Aka nuna wa Baffa hotunan a kwamfuta. Ya yi dariya har da hawaye. "Ashe ba su manta ba," ya ce. Ni ma na zuga shi, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Baffa, wanda ya ɗauki batir ai ba shi da bakin hana kiɗa." Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan magana.

A ƙarshe Baffa ya yarda. Wata rana bayan la'asar aka yi wasan, a wani fili a Maigatari. 'Yan acaɓa suka yi da'ira, fataken shanu suka leƙo da sandunansu a kafaɗa. Da farko yatsun Baffa suka ƙi, sai kame-kame yake yi, na sunkuyar da kai don kunya. Can sai abu ya kama. Tsoho mai furfura ya karkace kafaɗa, ƙafa tana dukan katako, fili ya ɗauki ihu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Waƙa uku ya yi ya ajiye, ya ce magariba ta gabato.

Ƙasar wajen da aka ce ashe wayoyin jikokinsu ce. Ba a yi wata guda ba, rawar na'ibi ta zagaye Gumel har Gagarawa, yara suna kwaikwayonta a bakin famfo, hannu dafe da gwiwa. Kwamiti ya yi zaman gaggawa. Laifi tudu ne: mai batir ya jagoranci zaman, mai rawa ya buɗe da addu'a. Suka gano cewa Baffa ya tsufa, ya kamata ya huta, kuma don girmamawa sun yafe masa hawa matakalar wurin kiran sallah, wadda ba ta wuce taki uku ba. Aka ba wani ɗan'uwan ma'aji lasifika.

Na so in je in wanke su tas. Baffa ya hana, ya ci gaba da zuwa masallaci yana bin su sallah.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe shi, na tarar ya sa farar riga da hula kamar mai shirin fita. Ya ce, "Uwata, na roƙi yaran nan su ɗauki kiran sallata ko sau ɗaya, suka ce ba ya cikin tsarin fim. Wayarki tana ɗauka?"

Na ce tana ɗauka. Ya tura ƙofar ɗaki, ya fuskanci gabas, ya kai hannuwansa kunne. Sannan ya fara a hankali, murya ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ji su zaci lokaci ya yi.