Ƙasar da Ustaz Ya Kafa a Tsakiyar Nilu

Shekarar da sojoji suka sallami maigidana daga koyar da tarihi, wai don amfanin jama'a, ni ce jama'ar da ta fara ji a jikinta. Ustaz ya rasa ɗalibai, sai ya mayar da ni aji. Ina tuƙa tuwo yana ba ni labarin wani bafade da Sarauniyar Ingila ta ba takardar mallakar ƙasar da ita kanta ba ta taɓa gani ba. Bafaden ya loda mutane a jirgin ruwa aka zube su can, da aka waiwaye su bayan shekaru ba a tarar da ko mutum ɗaya ba. Ni asara na ji a labarin. Shi kuwa takardar ce ta tsaya masa a rai.

Kakanninsa hanyar Makka ce ta ajiye su a nan Sudan, ubansa ya tsufa yana tsinkar audugar mutane a gonakin Jazira. Ko taku ɗaya na ƙasa ba a taɓa rubutawa da sunan gidansu ba, kuma abin yana cinsa.

Da ruwan Nilu ya ja baya, wani tudun yashi ya fito daura da unguwar Aljirif. Ustaz ya yi ta sintiri ofishin unguwa har suka gaji da ganinsa suka buga masa hatimi a takardar mallakar tudun. Ya yanki gefen mayafina, sabo fil, ya ɗaura a gora ya kafa tuta. Masu yin bulo a bakin kogin suka gaya masa tudun na ruwa ne, duk damina yana karɓar abinsa. Ya ce ai haka 'yan ƙasa suke faɗa wa duk mai kafa mulki. Ya shuka kuɓewa, ya tsallakar da awakina biyu a kwalekwale, su ne talakawa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi wata biyu a gidan ƙanwarsa a Omdurman. Ranar da ya miƙe muka je duba tudun tare. Ruwa ne jajir, shimfiɗe har ɗaya gaɓar, babu tudu babu tuta. Awakin dai masu bulo sun daɗe da kawo mini su gida.

Tun daga hanya na tanadi maganganun da zan yaɓa masa. Na buɗe baki ke nan sai na ga ya ciro takardar yana shafawa, tausayinsa ya kama ni.

"Khalas, ya isa, Ustaz, jefa ta mu tafi."

"Bar ta," ya ce. "Duk faɗin Sudan, nan kaɗai aka rubuta ina da ƙasa."

Ya ninke ta a hankali ya mayar aljihu.