Wanda Ba Ya Wuce Kowa

Shekara da shekaru ke nan Wutsiya yana ratsa ƙasar a kan keke, daga wannan iyaka zuwa waccan, kuma bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Na biyu ma bai taɓa zuwa ba. Kullum shi ne na ƙarshe, kuma aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan.

Kamfanin da yake yi wa aiki yakan tara mutane masu hali da dogon hutu, likitoci da ma'aikatan banki da malaman da suka ajiye alli, ya ɗora su a kan kekuna, a yi makonni ana tafiya har a ga ƙarshen ƙasa. A gaba akwai jagora, saurayi mai jar riga da ƙwaurin da ake ɗauka hoto. A tsakiya akwai motar kaya, ɗauke da jakunkuna da ruwa da ayaba. A can baya kuma akwai Wutsiya, da famfo a ɗaure a ƙarƙashin sirdi, da doka guda ɗaya: kada ya wuce kowa.

Asalinsa mai faci ne. A ƙarƙashin matakalar wani bene yake zama, kusa da kantin magani, da bokitin ruwan da yake tsoma tib don neman inda iska ke fita. Nan mai kamfanin ya same shi wata rana da lanƙwasasshiyar taya. Ya zauna yana ba shi labarin burinsa na kafa kamfani tun daga tushe, Wutsiya yana gyara yana cewa "to", har aka gama bai katse shi ba.

"Kana iya haƙuri da mai nauyin ƙafa?" in ji mai kamfani.

"Yallaɓai, ni nake raka matata kasuwa."

A nan aka gama jarrabawar.

Matar tasa ba ta taɓa ganin abin alfahari a wannan aiki ba. Ɗakuna biyu gare su a saman bene, kuma idan ya dawo daga tafiya sai ya saɓo keken a kafaɗa ya hau da shi, ya rataye a bangon falo, inda mutanen kirki ke rataye agogo. Ita kuma tana shanya tawul a kansa.

"Baban yara, bana ma na ƙarshen?"

"Bana ma."

"Allah ya ƙara ɗaukaka. Maƙwabciya ta tambaye ni ko kana cin kofi, na ce mata kai kake wanke shi."

Da daɗewa Wutsiya ya gane cewa gajiya ba ta cika hana mutum kaiwa ƙarshen tafiya ba. Kunya ce ke hana shi. Babban mutum, wanda a ofis ake miƙe masa, in ya waiwaya ya ga daga shi sai tsohon da aka ajiye don tsintar ragowa, sai ya ɗaga wa motar kaya hannu. Wanda kuwa ya shiga motar sau ɗaya ba ya ƙara fitowa, sai dai ya ga sauran ƙasar ta taga yana cin ayabar mutane.

Saboda haka Wutsiya ya ƙirƙiro wa kansa lalurori. Da ya ji numfashin na gabansa ya fara fita da ƙara, sai sarƙarsa ta zame. Yana da wata 'yar dabara da yake yi da giyar keken, sarƙar ta faɗi a duk inda ya ga dama. In an yi sarƙa da safe, da rana sai tayarsa ta yi sanyi. Da yamma gwiwa ce. "Don Allah ɗan jira ni," zai ce, "kada a bar ni ni kaɗai a dajin nan." Baƙo ya tsaya, ya sha ruwa, ya huce, yana kallon tsoho cikin tausayi. Mutane da yawa sun ƙare ƙasar nan kaf a kan ƙafafunsu saboda ba za su iya yar da Wutsiya a hanya ba.

Aikin ya yi kyau har ya yi yawa. A wajen cin abincin bankwana, baƙi sukan ja mai kamfani gefe su ce komai ya yi, amma a duba lamarin dattijon nan na baya, ko keke a sake masa. Mai kamfani ya san dawar garin, sai ya gyaɗa kai cikin jimami ya ce za a duba. Haka aka yi ta dubawa har ƙafar mai kamfanin ta hana shi fita, ya miƙa wa ɗansa kujera. Ya miƙa masa makullai da motoci da komai, wannan bayani ɗaya ne ya manta.

Ɗan, wanda ma'aikata ke kira Manaja, mutumin kirki ne mai sauraron ƙorafi, abin da ya sa ya fi ubansa haɗari. Bayan tafiyarsa ta farko a matsayin shugaba ya kira Wutsiya ofis, ya ba shi kujera mai laushi, ya sa aka kawo masa shayi.

"Baba, ka yi wa kamfanin nan bauta. Lokaci ya yi da za ka huta. Mun ware maka sito."

Wutsiya ya san siton. Ɗaki ne marar taga a bayan ofis, mai warin roba, inda kekuna ke rataye da ka kamar nama a mahauta. Fanka ɗaya ce a ciki, ita ma sai an tura ta da sanda.

"Yallaɓai, lafiyata ƙalau."

"Baba, mutum nawa suka gaya mini? Har wata likita ta ce a kai ka a duba gwiwar."

Da Wutsiya zai yi bayani, da sai ya ce duk waɗannan mutane da suka koma gida suna ba 'ya'yansu labarin yadda suka ceci wani tsoho, su aka ceta. Bakinsa ya ƙi ɗaukar maganar. Ya ce dai a ba shi tafiya ɗaya. Manaja, don adalci, ya ce shi da kansa zai hau keke ya bi baya ya gani da idonsa.

Ya zo da sabon keke marar nauyi, da hular kwano, da wando mai soso. A kwanakin farko, da ƙasa ke shimfiɗe, ya riƙa waiwayowa yana tambayar Baba ko yana lafiya. Da aka shiga yankin tuddai sai tambayoyin suka ragu, daga baya suka ɗauke.

A wajen hutun shayi direban motar kaya ya ja Wutsiya bayan mota.

"Kai tsoho, yau ce ranarka. Ka ga tudun can? Yaron nan ya gama. Taka feda ka wuce shi fuu, ka jira shi a sama kana sakace. Wa zai ƙara yi maka zancen sito?"

"Doka ta hana."

"Wace doka? Mai dokar ne zai zo yana rarrafe!"

Suka kama hawa. Rana ta take, ayari ya yi nisa har jar rigar jagora ta koma kamar ɗigon jini. Ƙafafun Wutsiya garau suke, ya hau tudun nan sau ba adadi, ya san kowane rami da ke jikinsa. Ya matso har tayarsa ta gaba ta yi daidai da ta bayan Manaja. Taku kaɗan ya rage. Sai ya ga ƙeyar yaron ta jiƙe sharkaf, kan keken yana rawa, hannun dama ya fara sakin birki yana neman ɗagawa sama, wajen da motar take tsaye tana jira.

Sarƙa ta zame.

"Yallaɓai! Don Allah ɗan jira ni."

Manaja ya sauka da saurin da bai dace da mai jin haushi ba. Ya zauna a kan dutse, ya shanye gorar ruwa. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce, "Ka gani ko, Baba? Abin da ake faɗa ke nan."

"Na gani, Yallaɓai."

Kafin su kai sama tayar Wutsiya ta yi sanyi. Washegari gwiwa ta tashi. Haka suka ƙare ƙasar su biyu, kullum suna isa masauki bayan kowa ya yi wanka, direba yana kallon Wutsiya yana girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. A rana ta ƙarshe Manaja ya taɓa allon iyaka da hannunsa, ya sa aka ɗauke shi hoto ya aika wa ubansa.

Da suka koma ya sake kiran Wutsiya ofis. Wannan karon babu shayi.

"Baba, na yi tunani. Gaskiya ba za a iya barin ka kai kaɗai a baya ba." Ya gyara zama. "Amma na lura ranka yana kan hanya, sito zai kashe ka. Saboda haka daga yanzu ni zan riƙa binka ina kula da kai."

Wutsiya ya yi godiya yadda ya kamata.

A gida, da ya ba ta labari, matarsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Tsaya. Wato ya gane, ko bai gane ba?"

"Bai faɗa ba, ban tambaya ba."

"Ku dai kuka sani, kai da shi. Ɗaga ƙafarka in share."

Yanzu baya mutum biyu ne. A tafiyar bana, a kan wannan tudun dai, wata tsohuwar nas ta fara haki tana duban motar kaya, sai igiyar takalmin Manaja ta kwance. Ya roƙe ta ta ɗan jira shi, ya durƙusa yana ɗaurewa. Wutsiya ya tsaya a bayansu, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallo. Yaron ya yi saurin gama ƙullin, matar ba ta ko rufe gorarta ba. Sai Wutsiya ya sunkuya ya matsa tayarsa ta baya da yatsa, ya ce kamar ta yi sanyi.