Ramin Kashin Shanu

A shekarar da rumbunmu ya tsage, Baba ya ce sai an yi masa sabon yaɓe kafin ayarin jakuna ya tashi daga Tambuwal zuwa Kebbe. In aikin ya ƙare, da ni za a tafi. Ni da ban taɓa wuce gonar bayan gari ba!

A gidanmu ba a yaɓe da ɗanyen kashin shanu. Sai an kwaɓa shi da laka da ruwa a rami, a rufe bakin da zana, a liƙe da taɓo yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi ya ruɓe. Da bazara kwana kaɗan ya isa. Mu kuwa a tsakiyar ɗari muka binne namu, lokacin da ko kaza sai an roƙe ta take fitowa daga akurki.

Na kasa zama. Da safe in je in kasa kunne, da azahar in koma. Shiru. Na yi masa kirari, na zage shi. Rana ta fuɗu na huda taɓon da kara, na shinshina, na ji bai nuna ba, na toshe. Kashegari na sake.

Kakata ta kama ni durƙushe a kai.

"Maigida, mi kaka nema nan?"

"Gaishe shi nika yi, Kaka."

"Sanyi shika ji, kamar ni. Bar shi shi yi barcinai."

Sanyi? Ai wannan mai sauƙi ne. Na ɗebo garwashi na zuba a kan murfin, na ƙara karan dawa. Taɓon ya tsage, wata iska ta fito da warin da ya kori awakin unguwa kaf, ta kama wuta, fuu! Ta tafi da girata ta hagu.

Baba ya zo ya leƙa. Saman ya ƙone, ƙasan yana nan ɗanye kamar yanzu saniya ta ajiye shi.

"Sau nawa ka buɗe?"

"Sau ɗaya, Baba."

Ya sunkuya ya ƙirga inda na toshe. Tara.

Aka kwaɓa sabo, ni na taka shi da ƙafata har na daina jin yatsuna. Ranar da ayari ya tashi bai nuna ba. Baba ya zaunar da ni a bakin ramin da sanda, wai in yi gadi kada wani mahaukaci ya buɗe. Ina jin kukan jakunan har suka gangara fadama.