Tankin Ruwan Tirelar Kawu

Shekara biyu da komawar sojoji bariki, kawuna mai fataucin fatu a Agege ya sayo wata 'yar tirela tokumbo, wato kwancen Turai. Ɗaki ce sukutum a kan tayoyi, ana jan ta da mota: gado, murhu, famfo, har da bayi. Ya ce ya gaji da kwana a tasha idan ya tafi Arewa sayen fata. Ni ne direbansa a lokacin, don haka duk wata hidimar tirelar a kaina ta faɗo.

Ranar da aka ajiye ta a bayan gida, Kawu ya murɗa famfon zai yi alwala. Famfon ya yi tari sau biyu, ya tofo wani ruwa kore-kore mai yauƙi. Warin ya cika ɗakin nan take. Na yi shekaru ina loda ɗanyar fata a mayanka, na ɗauka hancina ya gama ganin duniya, amma sai da na fita waje na tofar da yawu.

"Ruwan Turai ne ya daɗe," in ji Kawu. "Zuba masa sabo, zai gyaru."

"Kawu, wannan sai an wanke tankin."

"To wanke mana."

Washegari da hantsi na shiga ƙarƙashin tirelar da soso da bokiti. Na ga wani baƙin tanki mai murfi, na kwance murfin, na zura hannu har gwiwa ina kankarewa. Wani abu mai kauri ya yi ta gangaro mini a damtse, yana shiga hammata. Ina cikin haka maƙwabcinmu mai gyaran famfo ya zo wucewa. Dattijon Bayarabe ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya tsuguna ya leƙo.

"Ɗana, fito da hannunka," ya ce. "Wannan tankin bayi ne. Na ruwan sha yana can gaba, fari."

Ban san lokacin da na fito ba. Na durƙusa a bakin kwata na amayar da kokon da na sha. Kashin wani Bature ne da ban taɓa gani ba, ya ƙetaro teku a jirgi, ya zo ya same ni a Agege. Na yi wanka sau uku, na yanke farce har sai da ya yi jini, rigar kuwa na ƙona ta.

Bayan azahar dattijon ya dawo ya tsaya a kaina. Farin tankin ma ba dama. Da muka buɗe magudanarsa, gansakuka ce ta riƙa fitowa guda-guda kamar majina, ga matattun kyankyasai, daga ƙarshe wani ɓera da ya narke, sai wutsiyar ce ta nuna ko mene ne. Na juyar da kai, na ja shi da sanda.

Na ɗauko tiyon da ke tsakar gida zan cika tankin, dattijon ya riƙe hannuna.

"Da me kuke amfani da wannan?"

"Wankin fata."

"Ajiye shi. Je ka sayo sabo."

Na sayo sabon tiyo da kwalbar bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ya auna bilic ɗin a kofi, ya dama a bokitin ruwa, ya ce ba a zuba shi tsura. Muka ɗura ta mazurari, 'yan ga-ruwa suka yi ta kawo jarkoki har tankin ya tumbatsa. Ya sa na buɗe famfo sai da warin bilic ya fito ta bakinsa, sannan na rufe. Na ɗaura tirelar a mota na ja ta zuwa Abule Egba na dawo, don ruwan ya girgiza ya taɓa kowane lungu. Direbobin danfo, motocin hayar Legas, suka yi ta leƙe suna tambaya ko asibiti ce. Muka bar ruwan ya kwana a ciki.

Da safe na zubar, na cika, na zubar, har sau huɗu. A na huɗun ruwan ya fito garau, ba wari. Kawu ya tara kofi ya shanye, ya yi hamdala, ya sake tarawa ya miƙo mini.

"Sha ka ji. Ya fi na rijiyarmu."

Na karɓa. Ruwa fes, na sani. Da idona na ga an wanke shi, da hannuna ma. Amma da kofin ya kusa bakina sai wutsiyar nan ta faɗo mini a rai, na sauke kofin. Na ce masa ina azumin nafila. Ya dube ni, ya dubi ɓawon gyaɗar da ke gaban rigata, ya karɓe kofinsa.

Shekara guda muka yi muna tafiya Arewa da tirelar nan kafin gatarinta ya karye a hanyar Jebba, Kawu ya sayar wa wani mai shayi. Duk tafiyar da muka yi, jarkata daban take a bayan kujerar direba, kuma na fi wata biyu ina cin tuwo da cokali.