Ranar da Aka Ɓoye Ni a Rumbu

Da kaka ne, saura shekara biyu a samu mulkin kai, ranar wata Laraba da hantsi, ina tsince ƙasa daga gyaɗar da muka baza a tsakar gida, sai Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, ta finciko hannuna. Ta jingina tsani a rumbun gero, ta tura ni sama, ta ɗage murfin ta ce in dira. A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu, balle ta shiga, shi ya sa ta san ba mai nemana a can. Kafin ta rufe ta ce, "Bintu, in kika yi ko tari, albarkar hatsin nan ta gudu, kowa ya kwana da yunwa saboda ke."

Garinmu ƙarami ne, kusa da Takieta, a hanyar Damagaram. A bakin gari 'yan mishan suka gina lakwal, wato makarantar boko, aji biyu da rijiya da gyararren lambu. Kullum in na je ɗiban ruwa nakan ajiye tulu in maƙale a taga, ina kallon yara suna zane da alli a kan ɗan baƙin allo. Ƙawata Zara da ke ciki takan fito ta zana mini baƙaƙen a ƙasa, mu share da ƙafa mu yi 'yar carafke. Malamarsu, wadda muke kira Masera, Baturiya ce mai farin lulluɓi da Hausa a karkace. Ta ga nacina, ta nemi Baba, ya ce ya yarda, sannan ya tafi Damagaram kai gyaɗa. Kaka kuwa ta rantse jikarta ba za ta shiga wurin masu kuros ba.

Ina zaune kan damman gero, ƙaiƙayi na cin wuyana, na ji ƙarar keken Masera, na ji sallamarta. "Ina Bintu? Na zo rubuta ta." Kaka ta ce an kai ni ƙauye wurin gwaggo, sai bayan salla. Ta ba ta ruwa, suka gaisa da kyau, har da dariya. Tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Kalma ɗaya ta isa. Na buɗe baki, na dubi geron da muka sha rana muka nome, na rufe. Da Baba ya dawo an cike gurbin, shi kuma ba ya musu da uwarsa.

Sai da na haura arba'in, da 'ya'ya shida, na zauna a ajin yaƙi da jahilci na rubuta sunana. Zara tuni ta zama ungozoma a asibiti, kuma sallarta ba ta taɓa wuce ta ba, ku ji da kyau. Yau jikokina sai an yi musu tsawa suke tashi zuwa lakwal, su jefar da littafi inda suka ga dama. Ba na dukansu, ɗauka nake in karanta a hankali, da yatsa. Kaka tsoro ne ya sa ta, na daɗe da yafe mata. Yarinyar da ta yi shiru a rumbu ce har yau nake wa faɗa.